"Died of" ko "died from"? Tambayoyi da amsoshi kan faɗin sanadin mutuwa da Turanci

Duk wanda aka taɓa sa shi rubuta sanarwar rasuwa da Turanci, ko ɗan jaridar da edita ke jiran labarinsa, ko ɗalibin da ke gaban takardar WAEC, ya san inda alƙalami yake cijewa: bayan kalmar "died". A Hausa abin bai cika ba mu wahala ba. Mukan ce "sakamakon" ko "sanadiyyar", ko mu juya zancen mu ce cuta kaza ce ta yi ajalinsa. Turanci kuwa yana da ƙananan kalmomi da dama da ke iya biyo bayan "died", kuma kowace tana gaya wa mai karatu wani abu daban game da yadda mutuwar ta auku. Ga tambayoyin da aka fi yi a kai.

Mene ne bambancin "died of" da "died from"?

Tsohuwar ƙa'idar da aka koya wa yawancinmu a makaranta ita ce: "of" na abin da ya kashe mutum daga cikin jikinsa ne, wato cuta, yunwa, ƙishirwa, tsufa, baƙin ciki. Shi ya sa ake cewa "she died of malaria" ko "he died of hunger". "From" kuma na abin da ya zo daga waje ne, ko wanda ya fara aukuwa sannan mutuwa ta biyo baya: rauni, ƙuna, cizon maciji, zubar jini. Sai a ce "he died from his injuries" ko "she died from a snakebite".

Ƙa'idar ba ta ɓaci ba, kuma wanda ya riƙe ta ba zai ji kunya ba. Sai dai su masu harshen ba sa bin ta sau da ƙafa. Manyan ƙamusoshin Turanci sun yarda da "die of" da "die from" duka a gaban sunan cuta, kuma a jaridun Ingila da Amurka za ka ci karo da "died from cancer" kamar yadda za ka ga "died of cancer". Haka nan sojoji sun daɗe suna rubuta "died of wounds" ga wanda rauni ya yi ajalinsa, alhali da a ce ƙa'idar ta makaranta doka ce, da "from" ya kamata su sa. Saboda haka wannan rigimar ta "of" da "from", wadda ita aka fi tayar da jijiyar wuya a kanta, ita ce mafi sauƙi a duk tambayoyin nan. Ko wacce ka ɗauka, mai karatu zai gane cewa abin da ka ambata shi ne sanadi.

To idan duka biyun daidai ne, me zan zaɓa a jarrabawa?

Idan aka ba ka jimla mai sunan cuta, kamar "The old man died ___ tuberculosis", kuma "of" da "from" duka suna cikin zaɓin, ɗauki "of". Masu tsara tambayoyi sun fi karkata ga tsohuwar ƙa'ida, kuma ɗakin jarrabawa ba wurin kafa hujja ba ne. Idan rauni ne ko hatsari ya bar wa mutum illa, "from" ta fi kwanciya.

Akwai wurin da "of" kaɗai ke shiga?

Akwai wasu maganganu da suka riga suka zauna da "of", har kunne ya saba. "Died of old age", "died of natural causes", "died of a broken heart". Za ka iya jin "from natural causes" jefi-jefi, amma "of" ce ta gida. Lokacin da Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta rasu a gidan sarauta na Balmoral da ke Scotland ranar 8 ga Satumba, 2022, tana da shekara 96, abin da aka rubuta a takardar shaidar mutuwarta shi ne "old age" kawai, kuma jaridu suka ba da labarin da "died of old age".

Sannan idan zugugutawa ake yi, ba mutuwar gaske ba, "of" ake sawa: "I'm dying of thirst", "we nearly died of boredom". Daidai yake da Bahaushe ya ce ƙishirwa za ta kashe shi.

Na ga an rubuta "he died with cholera". Me ya same ta?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, domin a nan ne ma'ana take sauyawa, kuma mu Hausawa mun fi kowa faɗawa ciki. Dalili a fili yake. Muna cewa "da ciwon suga ya rasu", "ta mutu da ciwon ciki", sai hannu ya ɗauki "da" ya mayar da ita "with". A Turanci kuwa "died with" na nufin mutum yana ɗauke da cutar a lokacin da ya rasu, ba tare da an ce ita ta kashe shi ba. Sau da yawa ma ana zaɓar "with" ne da gangan don a nuna cewa wani abu daban ne sanadi.

Likitoci suna da wata magana da suka saba yi game da sankarar "prostate", wato ƙullin da ke ƙasan mafitsarar maza, wadda ta fi kama tsofaffi, cewa waɗanda ke mutuwa "with" ita sun fi waɗanda ke mutuwa "of" ita yawa. Ma'ana, cutar kan zauna a jikin dattijo shekara da shekaru tana tafiya a hankali, har wani ciwon ya riga ta.

Annobar korona ta fito da wannan bambanci fili a 2020. An yi ta jayayya a ƙasashe da dama kan wanda ya mutu "of Covid" da wanda ya mutu "with Covid". A Ingila da farko duk wanda gwaji ya taɓa nuna yana da cutar, idan ya rasu, ana ƙirga shi cikin waɗanda ta kashe, ko da watanni sun wuce. A watan Agusta na 2020 aka sauya tsarin, aka taƙaita ƙirgen yau da kullum ga wanda ya rasu cikin kwana 28 bayan gwajin, sai adadin ya ragu da fiye da mutum 5,000. Ka ga abin da ake ɗauka ƙaramar kalma ce ya shafi ƙididdigar ƙasa guda.

Ka ƙaddara wani ya shiga shagon buga takardu da sassafe, idanunsa jawur, yana so a buga masa sanarwar rasuwar mahaifinsa don a kai wurin aikin marigayin. Ya ce wa mai bugawa, "Malam, rubuta cewa da hawan jini ya rasu." Mai bugawa ya danna "died with hypertension", aka fitar da takarda, aka sa hannu. Wanda zai karanta a ofis, idan ya san Turanci sosai, zai fahimci cewa marigayin yana da hawan jini amma ba a faɗi abin da ya kashe shi ba. Ɗan kuwa sanadi yake nufi. Abin da ya kamata a buga shi ne "died of complications of hypertension" ko "died from a stroke", idan shanyewar ɓarin jiki ce likita ya ce.

"With" tana da wurinta mai kyau: "she died with her children at her bedside", "he died with dignity". A nan halin da aka rasu a ciki take bayyanawa.

Hatsarin mota, gobara, faɗuwar jirgi fa?

"In". Idan mutum ya rasu a cikin wani al'amari da ya auku, "in" ake sawa: "died in a road accident", "died in a fire", "died in the flood", "died in battle", "died in childbirth". A nan Hausa da Turanci sun zo ɗaya, domin mu ma cewa muke yi ya rasu a hatsarin mota. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu ranar 29 ga Oktoba, 2006, lokacin da jirgin da zai kai shi Sakkwato ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Abuja. Da Turanci: "he died in a plane crash". Ba a cewa "died of a plane crash", domin hatsari ba cuta ba ne da ke kama jiki, al'amari ne da ya rutsa da mutum.

"In" ɗin nan kuma tana ɗaukar hali da wuri: "died in his sleep", "died in custody", "died in hospital". Lura da "in custody". Ba ta faɗi abin da ya kashe mutum ba, ta dai ce yana tsare ne lokacin da ya cika. 'Yan jarida masu taka-tsantsan suna amfani da ita kafin bincike ya fito da sanadi.

Idan mutum ya ji rauni yau, bai cika ba sai bayan kwanaki, yaya zan rubuta?

A nan ne "from" ta fi nuna amfaninta, kuma a nan ne ake gane marubuci mai lura. Idan wanda hatsari ya rutsa da shi ya rasu nan take, ka ce "died in the accident". Idan an kai shi asibiti ya yi jinya sannan ya cika, to bai rasu "in" hatsarin ba. Sai ka ce "died from injuries sustained in the accident". Shugaban Chadi Idriss Deby misali ne: sojojin ƙasar sun sanar ranar 20 ga Afrilu, 2021 cewa ya rasu sakamakon raunukan da ya samu a fagen daga, kuma da Turanci abin da ya dace shi ne "died of wounds" ko "died from injuries sustained at the front".

Wani lokaci kuma zaɓin kalmar yana ɗauke da hukunci. An harbi shugaban Amurka James Garfield a tashar jirgin ƙasa a Washington ranar 2 ga Yuli, 1881, amma bai rasu ba sai 19 ga Satumba. Likitocinsa sun yi ta cusa yatsu da kayan aikin da ba a tsabtace ba cikin raunin suna neman harsashi, raunin ya ruɓe, ƙwayoyin cuta suka bazu a jikinsa. Mai cewa "he died from a gunshot wound" ya ɗora abin a kan maharbin. Mai cewa "he died of an infection" ya juya hankalinka ga jinyar da aka yi masa. Duka biyun gaskiya ne, amma ba abu ɗaya suke nunawa ba, kuma ya kamata marubuci ya san wanda yake nufi kafin ya rubuta.

Akwai kuma "succumbed to his injuries", wadda jaridu ke so. Kullum "to" take ɗauka, kuma tana nuna an yi fama kafin a cika.

Yaushe ake cewa "died by"?

"By" ta hanya ce, wato yadda aka yi mutuwar ta auku, kuma wurarenta ba su da yawa: "died by drowning", "died by hanging", "died by his own hand", da karin maganar Turawa mai cewa wanda ya rayu da takobi zai mutu "by the sword". Ba a sa ta gaban cuta. "Died by malaria" kuskure ne.

Ba a kuma sa ta gaban mutum. Idan wani ne ya yi kisan, Turanci yakan bar "died" gaba ɗaya ya koma "was killed by". Janar Murtala Muhammed, wanda aka kashe a Legas ranar 13 ga Fabrairu, 1976, "was assassinated" ake cewa, ko "was killed by soldiers in a failed coup". Idan dole sai ka riƙe "died", to sai dai "died at the hands of". Ka kuma bambanta mai kisa da makami: "killed by a robber", amma "killed with a knife".

Wuri ɗaya da "by" ta samu ƙarfi a 'yan shekarun nan shi ne batun wanda ya kashe kansa. An daɗe ana cewa "committed suicide", amma kalmar "commit" ita ce ake sawa gaban laifi irin su kisa da sata, kuma asalinta ke nan, domin a Ingila kashe kai laifi ne a doka har 1961. Tun 2015 littafin ƙa'idojin rubutu na kamfanin dillancin labarai na AP ya shawarci 'yan jarida su guje mata, su ce "died by suicide" ko "took his own life". Ni ina ganin shawarar ta dace. Iyalin da irin wannan musiba ta faɗa wa suna cikin isasshen raɗaɗi, bai kamata labarin jarida ya ƙara musu ba.

"After a brief illness" da ake yawan gani a sanarwa, tana faɗin sanadi?

A'a, kuma da gangan ake yin haka. "After" lokaci kawai take nunawa: an yi rashin lafiya, sannan aka rasu. Ita ce takwarar "bayan gajeriyar rashin lafiya" da "bayan doguwar jinya" da muke ji a rediyo kullum. Idan jinyar ta daɗe, jaridun Najeriya sukan ce "after a protracted illness", Turawan Ingila kuma sun fi cewa "after a long illness". Iyali suna da haƙƙin su ɓoye cutar mamacinsu, kuma wannan magana tana rufa musu asiri cikin mutunci.

Ga ɗan jarida kuma "after" garkuwa ce. "He died after eating at the wedding" ta faɗi abin da ya gabata ba tare da ta ce abincin ne ya kashe shi ba. Da zarar ka sa "from eating", ka yanke hukuncin da likita bai yanke ba, kuma ka ɗora wa masu biki zargi. Amma a yi hattara, domin mai karatu yakan ɗauki "after" a matsayin nuni. Idan babu wata alaƙa da ake zato tsakanin abubuwan biyu, kada ka jera su a jimla ɗaya.

"Due to" da "as a result of" fa?

Duka suna aiki, kuma su suka fi kusa da "sakamakon". "Died as a result of smoke inhalation" daidai ne, ta kuma dace da rahoton hukuma. "Died due to" ma ta samu karɓuwa, ko da yake tsofaffin malaman nahawu sun fi son ta biyo bayan suna, kamar "his death was due to heart failure". Idan "of" ko "from" za ta wadatar, ita ta fi, don ta fi gajarta. "Through" ta sakaci ce: "died through negligence". Ita kuwa "died out of hunger" a bar ta, domin "die out" na nufin wani jinsi ko wata al'ada ta ƙare ƙaf a duniya.

Idan na yi amfani da "death" maimakon "died", kalmar tana canzawa?

Tana canzawa, kuma mutane da yawa ba su lura ba. "The death of" sunan mamaci take ɗauka: "the death of the chief". Saboda haka sanadi sai ya koma "from": "deaths from malaria", "death from natural causes". Idan ka rubuta "the death of malaria", ka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya mutu. Hanya kuma tana nan da "by": "death by hanging", da "death by misadventure", hukuncin da masu binciken sanadin mutuwa a Ingila ke yankewa idan mutum ya rasu ba da niyya ba a cikin wani abu mai haɗari da ya shiga da kansa.

Yaya likitoci suke rubuta nasu a takardar shaida?

Su ba su dogara da "of" ko "from" ba. Fom ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, wanda ƙasashe da yawa ke bi, ya kasu gida biyu. A kashi na farko, layin sama na abin da ya kai ga mutuwa kai tsaye ne, sai layukan ƙasa su bi sawu a koma baya, kowanne an haɗa shi da na samansa da kalmomin "due to". Abin da ke layin ƙarshe shi ne tushen sanadi, kuma shi ake ƙirgawa a ƙididdiga. Misali: layin sama zubar jini a ƙwaƙwalwa, layin ƙasa hawan jini. Kashi na biyu na sauran cututtukan da suka taimaka ne ba tare da suna cikin wannan jerin ba.

Wannan tsari yana taimaka wa marubuci. Abin da ke kashi na farko shi za ka sa wa "of" ko "from". Abin da ke kashi na biyu sai ka ce "contributed to his death". Sannan ana gargaɗin likitoci kada su tsaya ga "cardiac arrest" kaɗai, domin tsayawar zuciya yanayin mutuwa ne da kowa ke ƙarewa da shi, bai faɗi abin da ya jawo ta ba. Kuma ba daidai take da "heart attack" ba, wadda ke nufin toshewar jijiyar da ke kai wa tsokar zuciya jini. Jaridu suna yawan cakuɗa su.

Wuri, rana da shekaru?

"At" ta shekaru ce da takamaiman wuri: "died at 72", "died at home", "died at the scene". "In" ta gari, wata da shekara: "died in Kano", "died in 2010". "On" ta rana ce: "died on Friday", da kuma "died on the spot" da "died on the way to hospital". Turawan Ingila sukan ce "died aged 72" ba tare da wata kalma a tsakani ba.

"Died for" da "killed over", ɗaya suke?

"For" ta sadaukarwa ce: "he died for his country". Mutum ya ba da ransa saboda abin da ya yi imani da shi. Ba a sa ta gaban cuta ko kaɗan. "Over" kuwa ta rigima ce, kuma da "killed" ta fi tafiya: "killed over a land dispute", wato an kashe shi a kan rikicin fili.

Ni da Faransanci na yi karatu. Me ya kamata in kiyaye?

'Yan'uwanmu na Nijar, Chadi da Kamaru sun saba da "mourir de", kalma ɗaya da ke ɗaukar aikin "of" da "from" duka. Wannan sauƙi ne, domin "mort du paludisme" tana komawa "died of malaria" kai tsaye. Inda ake tuntuɓe shi ne "des suites de". Turancinta shi ne "from complications of" ga cuta, "from injuries sustained in" ga hatsari, ko "after a long illness" idan "des suites d'une longue maladie" ce.

Ana cewa "he was died"? Kuma "he is late" fa?

"Was died" babu ita a Turanci. Ko dai "he died", ko "he is dead", ko "he was killed". "He is late" da ma'anar ya rasu Turancin Najeriya ne da wasu ƙasashen Afirka, kowa a nan ya gane ta, amma Bature zai ɗauka mutumin ya makara ne. "Late" da ma'anar marigayi gaban suna take zama: "my late father", "the late Emir".

Zan iya haɗa "passed away" da sanadin mutuwa?

Za ka iya, amma da sharaɗi. "Passed away" magana ce ta tausasawa, kamar yadda muke cewa Allah ya yi masa rasuwa ko ya riga mu gidan gaskiya. Tana tafiya da kyau da "peacefully", da "in his sleep", da "after a long illness", kuma akan ji "passed away from cancer". "Passed away of cancer" kuwa ba ta zauna a kunne ba. Ba ta kuma dace da kisa ko mummunan hatsari ba. Wanda 'yan bindiga suka harbe, "was killed" ko "was shot dead" ake rubutawa, domin "passed away" za ta lulluɓe laifin da aka yi masa. A takardar ta'aziyya ga iyali ka yi amfani da "passed away" ka bar sanadin, tunda sun riga sun sani. A labarin jarida ko rahoton asibiti ka rubuta "died", ka bi ta da sanadin da likita ko masu bincike suka tabbatar.